Gefen Da Mama Take Tsayawa

Har yau Auta mutane suke ce mata, sunan da ta fito da shi a fim ɗinta na farko, tun tana da giɓi a baki. A wancan lokacin in ta ɓata fuska, manyan mata ne ke share hawaye a gaban talabijin. Da ta yi tsawo, giɓin ya toshe, sai aka daina nemanta. Ba wanda ya ce ta yi laifi, wayar ce kawai ta yi shiru. Ta ɗan taɓa fitowa a maƙwabciya ko ƙawar tauraruwa, daga ƙarshe ta koma yi wa 'yan wasa kwalliya, tana shafa wa 'ya'yan wasu hoda.

Duk wannan bai ci ranta ba kamar rasuwar mahaifiyarta. Mama ta tsani hoto, da an ɗaga kyamara sai ta kare fuska da hannu. Ba a jima da rasuwar ba Auta ta rufe ido don ta tuno fuskarta, sai ta ji kamannin sun fara kuɓuce mata. Hankalinta ya yi mummunan tashi.

Nan ta tuna ranar da ana cikin ɗaukar fim majina ta zubo mata, Mama ta faɗo gaban kyamara ta goge mata, darakta yana ta kumfar baki. Ta nemi tsohon da ke tace finafinansu, ta same shi a ɗakinsa, tsofaffin kaset jibge har saman taga.

"Baba, wurin nan da Mama ta goge min hanci nake nema. Ko ƙiftawar ido ne."

Tsohon ya bushe da dariya. "Ai na tuna! Ta ɓata mana ɗauka mai kyau. Da hannuna na yanke shi."

"To ina abin da aka yanke?"

"Kaset ba ya isarmu a lokacin, 'yata. A kansa muke sake ɗauka."

Sai a sannan ya dubi fuskarta, dariyar ta maƙale. Ya rasa abin yi, ya laluɓo fim ɗin ya saka mata.

"Duba idonki," ya ce a hankali. "Ba kya buɗe baki sai kina ganinta. Shi ya sa muke tsayar da ita a gefen kyamara, ta hagu."

Ga yarinyar nan kuwa a allo, tana magana da ubanta na fim amma idonta yana can gefe, tana ƙunshe murmushi. Auta ba ta san lokacin da ta miƙe ta leƙa gefen talabijin ɗin ba. Bango ne kawai, da wayoyi, da yanar gizo-gizo.

Ta dawo ta zauna a ƙasa. Ba ta taɓa jin kishin wani mahaluki kamar yadda ta ji na yarinyar nan ba.

"Baba, tsayar da shi a nan," ta ce. "Ita tana ganinta."