Mai Ƙirga Takalma

"Ashirin da tara, talatin, talatin da ɗaya."

Dogara ya durƙusa a bakin ƙofar Hajiya Baiwa yana taɓa takalma da tsinin biro. Ɗakin cike yake da matan aure, namiji ba ya ɗaga labulen nan, shi ya sa tashar talbijin mai tambarin zakara ta ɗauke shi aiki ya riƙa bin gidajen Hausawan unguwar Fegge da la'asar yana ƙirga silifa. Ran Juma'a ya kai lissafi Inugu, a nuna wa kamfanin sabulu, a ce ga matan da muka ƙwace daga tashar tsallaken kogi. Aikin ke nan, har da sa kwat a zafin Anacha.

Wata biyar da suka wuce bai fi ya sami takalma shida ba, duk mata sun koma wasan waccan tashar. A lokacin ne ya zauna cin waina a rumfar Haulatu a bakin titin Upper Iweka, ta ji inda yake aiki, ta ajiye cokali.

A shekarar gudu, da Hausawa suka tsere Arewa gab da yaƙin basasa, shekara goma ke nan, ƙyanda ta kama 'yarta Zuliha tana da shekara biyu. Motar da za ta kai su Arewa ko wurin tsayuwa babu. Maƙwabciyarta Nwakaego, mai sayar da manja, ta kwance zaninta ta goya yarinyar, ta ce, "Go. I go hold am for you," wato ta tafi, za ta riƙe mata ita. Bayan yaƙi Haulatu ta dawo ita kaɗai, mijin ya rasu a Kano, ta tarar gidan ya zama toka. Tun daga nan take leƙa fuskar duk yarinyar da ta gifta.

"Don Allah ɗan'uwana, ku faɗa a akwatin nan. Ko sau ɗaya," ta ce wa Dogara.

"Sanarwa ai minti ɗaya ce, Yaya, wa zai ji? Wasa za mu yi a kai. Duk inda matar take sai ta gani."

Har ƙarin waina ta yi masa.

* * *

Wasan ya karɓu kamar me. Ƙarfe huɗu na yi mata su bar tukunya a wuta, takalma suka tashi daga shida zuwa talatin. A makon farko mai manjan wasan mutuniyar kirki ce. Sai tashar tsallake ta shigo da mayya cikin nata wasan, takalma suka ragu da tara. Kafin mako ya zagayo mai manja ta fara zare ido, tana ɗaure yarinya a turmi, tana kai ta wurin boka cikin daji. Ko sunan ba su ji kunyar canzawa ba, Nwakaego suka bar shi.

Haulatu ta tare Dogara a ƙofar Hajiya Baiwa. "Wallahi ƙarya ce! Matar nan da bakinta take tauna wa 'yata abinci."

"Yaya, mutane ba sa zama kallon mai kirki. Ki yi haƙuri, na business ne. A ƙarshe komai zai gyaru."

Ta yi haƙurin. Me za ta yi? Ta ci gaba da rufe rumfa da wuri tana zuwa, ko za a faɗi wani abu bayan tallan sabulu.

Ranar da za a nuna kashi na ƙarshe, Gimba direban tirela ya sauka a rumfarta da hantsi, ya gaishe ta, ya kasa cin wainar.

"Haulatu, wata mai manja a kasuwar Inugu, sunanta irin na wasan nan, tana da yarinya doguwa mai tabon ƙyanda a goshi. 'Yan kasuwa sun yi mata ihu, ɓarauniyar yara, suka kifar mata da garwa, har jifa. Mako uku ke nan ta kwashe kayanta da yarinyar. Wasu sun ce Fatakwal, wasu sun ce ƙauye. Maƙwabtanta sun ce tun farkon wasan ta je tashar da ƙafarta."

Wainar da ke tanda ta ƙone ƙurmus.

* * *

Haulatu ta sami Dogara a durƙushe a ƙofar Hajiya Baiwa, kamar kullum.

"Ta zo muku?"

Biro ya tsaya. Bai ɗago ba.

"Dogara, ina tambayarka. Ta zo da 'yata?"

"A mako na biyu," ya ce a hankali. "Manya suka ce a jira. In kun haɗu a lokacin, wasa ya ƙare ke nan, saura wata huɗu. Yau aka shirya kawo ta, a haɗa ku a gaban kyamara. Mun aika mota jiya, ba a same ta ba."

Wata huɗu yarinyar na nan, tafiyar awa biyu a mota, suna sane. Su da suke da adireshi a aljihun tebur, ita tana soya musu waina.

"Allah ya isa," ta ce. Muryarta ko tashi ba ta yi ba.

Labule ya motsa, Hajiya Baiwa ta leƙo. "Haulatu, shigo maza, an fara! Yau za a ba ki 'yarki!" Ta janyo hannunta. Haulatu ta cire takalma, don ba a shiga ɗakin mutane da su.

A akwatin, wata mai janbaki da ɗaurin ɗankwali irin nata ta rungume wata yarinya mai sumul ɗin goshi. 'Yan sanda na jan mai manja a ƙasa. Ɗakin ya ɗauki guɗa, wata ta dafa kafaɗar Haulatu tana hawaye tana cewa barka.

Ta miƙe, ta ratsa su, ta fita. Ta bi titin Upper Iweka inda motocin Fatakwal ke lodi, ƙafarta a kan kwalta mai zafi, ba ta ma ji ba.

Dogara ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Sannan ya dubi tsofaffin silifanta, ɗaya an ɗaure maɗaurinsa da waya. Ya taɓa su da tsinin biro.

"Arba'in da uku."