Buhunan Inuwa a Cikin Jinga

Baba mutum ne da bai yarda da takarda ba. In ka ce ya sa hannu, sai ya dube ka kamar ka zage shi. Shekara ashirin da shida yana casar shinkafa a Haɗeja, kowane buhu an buga masa "Shinkafar Inuwa", sunan mahaifinsa, kakanmu, wanda ya fara sana'ar da turmi da taɓarya.

A damina wasiƙa ta zo daga wani kamfani na Legas. Wai sun yi wa kalmar Inuwa rajista a Abuja tun shekara biyar da suka wuce, a matsayin tambarin shinkafarsu, don haka Baba ya daina buga ta a buhu. Ni na karanta masa. Raina ya ɓaci, shi kuwa dariya ya yi.

"Bara'atu, su suka yanka masa rago?"

Washegari muka tafi wajen Lauya Abdulmannan. Kada ku yi dariya: Baba da shaidu ya je, tsofaffi biyu 'yan unguwarmu da suka yi zamani da kakanmu, ɗaya ma sai da aka riƙo shi ya hau matakala. Lauya ya gaishe su da ladabi, ya sa aka kawo musu ruwa, sannan ya juyo.

"Alhaji Shu'ibu, ba wanda ke musun sunan mahaifinka. Abin da za mu nuna shi ne ka riga su buga shi a buhu. Akwai rasit? Akwai tsohon buhu mai shekara a jiki?"

Rasit dai babu. Buhu kuwa, mai buga mana yakan sa shekara a gindinsa. Sai dai duk damina in kogi ya cika, mutanen gari kan fito su cika buhuna da ƙasa su ƙara wa jinga tsayi, don kada ruwa ya shigo. Baba bai taɓa ajiye tsohon buhu ba, duk can yake aikawa.

"To ku tono ko guda ɗaya," in ji lauya.

Da hantsi muka isa jinga ta bayan gari, ina riƙe da fartanya. Ruwa ya kawo iya wuya, jajawur, yana tafe da ciyayi. Muka yi ta bi har na hango buhunanmu can ƙasa, inda zaizaya ta buɗe: jeri guda, sun koɗe, amma INUWA na nan raɗau. Na share laka da gefen zanena, ga shekarar, ta girmi rajistarsu da shekara uku. Na yi murna har na yi guɗa.

Na ɗaga fartanya. Baba ya riƙe hannuna. Ya nuna mini inda ruwa ke tsattsafowa tsakanin buhunan, sannan ya waiwaya ya dubi rufin gidajen da ke bayanmu.

"Baba, guda ɗaya ne fa. Lauya ya ce kwana bakwai suka ba mu."

"Ruwan nan ba zai janye a kwana bakwai ba."

"To sunan fa?"

Ya tsuguna, ya ɗebi laka da hannu biyu, ya toshe wurin da ke yoyo, ya shafe har rubutun ya ɓace. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

"Ki kira mai buga buhu," ya ce. "Ki ce ya dakata da buga sunan."