Daktocin Gayam da Saniyar Modibbo

Bushira ta ƙi cire rigar kammala karatu tun daga Kaduna har Gayam. Ita da yayanta Munzali a shekara ɗaya suka samu digirin dakta a kimiyyar bayanai, ga shi sun taho nuna wa mahaifiyarsu, Inna Saude. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta dafe hularta tana ƙyalƙyala dariya.

Suna isa suka tarar ƙofar gida ta cika maƙil. Wannan na riƙe da ƙugu, wancan na nuna haƙori, ga Modibbo, wani dattijon makiyayi daga gefen dajin Kamuku, ya jawo saniya mai tari.

"Inna, me kika faɗa wa mutane?" in ji Munzali.

"Ni dai cewa na yi 'ya'yana sun zama dakta."

Bushira ta doka tsalle har hular ta faɗi. Shekaru ta yi tana binciken yadda labari ke sauya kama daga baki zuwa waya, ga shi yau ya biyo ta gida da ƙafarsa! Ta shiga cikin taron tana tambaya, "Baba, wa ya gaya maka? Da wane lafazi?"

Munzali kuwa, da ya yi nasa karatun yana bakin aiki a ɗakin karatu, waya ya zaro. Ya naɗi saƙon murya mai gyara zancen ya tura wa mutanen gari, ya kira ma'aikaciyar asibiti da malamin dabbobi.

Modibbo ya dube su. "To ku daktan mene ne, yarana?"

"Nata na bincike ne, Baba," in ji Munzali. "Ta tono abin da ba a sani ba, ta rubuta, malamai su yi ta gardama a kai. Nawa na ƙwarewar aiki ne, in ɗauki ilimin in gyara matsalar da ke gabana."

"Wanne ya fi?"

"Nawa!" suka haɗa baki, Inna Saude ta rangaɗa guɗa.

Kafin la'asar an duba marasa lafiya, saniya ma ta sha allura. Bushira ta gano cewa a bakin wani mai shayi a garin Kutemeshi labarin ya koma wai su likitoci ne "masu fiɗa". Ko tuwo ba ta tsaya ci ba, ta tare ɗan acaɓa ya kai ta wurin mai shayin.

"Yaya, a ajiye mini nama!"