Jan Tabo a Farin Sabulu

"A'a, dakata, ni ma Allah bai hana ni baki ba," in ji tsohuwar, ta mayar da waya kunnenta mai ji. "Na ji ka. Sabulu ya fito da jini, alama ce. Matar ƙaninka ce ta ci shi, gobe za ka turo mota a kwashe mata kaya. To, malamin sabulu, sai ka saurara."

Babban ɗanta ne a wayar. Shekara arba'in da ɗoriya tana dafa sabulu, da shi ta ciyar da shi har ya yi tumbi, bai taɓa riƙe muciya ba ko da wasa. Yau shi ne mai fassara tabo.

Ta dubi katakon shanya a bayan ɗaki. Ga sandunan sabulu a jere, farare ranar da aka yanka su, yanzu kowanne da ɗigo-ɗigo ja kamar an fesa. Zubi huɗu ke nan a jere. Masu shago sun dawo da shi, maƙwabta sun fara leƙe. Abin da ya ƙara wa maganar gishiri, Autanta bakanike tarin jini ya yi wata huɗu kafin ya cika, kuma bayan rasuwarsa ne matarsa ta fara taya ta juya sabulu. Mutane ba su buƙatar fiye da haka.

Matar Autan tana zaune a bakin ƙofa, jakarta buɗe, ta ninke kayan 'yan matanta biyu daban, don an riga an gaya mata yara na dangin uba ne. Ba ta kuka. Ta wuce nan.

Ita ma tsohuwar, gaskiya ɗaya ce, zuciyarta ta ɗan yi rawa da farko. Uwa ce, kuma wanda ya binne ɗa neman wanda zai kama yake yi. Sai dai sana'a ta fi ta hankali. Ta san man alayyadi in ya tsufa wari yake yi, ta sansana, lafiya lau. Ta san turare yana mayar da sabulu ruwan ƙasa, amma gaba ɗaya yake rinawa, ba ya ɗigo. Tukunyar dalma kuma baƙi take kawowa, ita ko ba ta yarda soda ta ga dalma. Saura ruwa.

Tun a lokacin ta je ta zura hannu cikin duron da suke ɗiban ruwan haɗa sabulu, har hammata, ta kankaro gindinsa. Farcenta ya fito ja wur da tsatsa. Tsohon duron ƙarfe ne na garejin Auta. Nata shuɗi na roba, wanda ta yi shekara goma tana tara ruwa a ciki, ya bar gidan tun kwana biyu da rasuwa, tare da gado da janareta da akwatin sifanu.

Ta sa matar Autan ta tari ruwa a famfo cikin bokitin roba, ta jiƙa soda, ta juya da hannunta ita kaɗai. Ita kuma ta ɗebo na duro, ta yi nata zubin, ba ta bari kowa ya taɓa ba. Mako uku ke nan. Sandunan biyu suna kan cinyarta yanzu.

"Kana ji? Ga sabulu biyu a gabana. Na wadda ka ce mayya ce, fari fat kamar haƙorin jariri. Nawa, ni uwarka, shi ne mai jinin. To ni na cinye shi ke nan?"

Muryar ta yi sama a wayar. Ta janye ta daga kunne har guguwar ta wuce, tana kallon tafin hannunta da soda ta cinye wa zane.

"Inna, ki bari kawai," in ji matar Autan a hankali. "In na tafi za ku zauna lafiya."

"Rufe min baki, ke. Wa zai juya min? Wannan mai tumbin?"

Ta mayar da wayar.

"Ka gama? Ka ce wanda ya sa sabulun nan ja ba zai ƙara taka gidan nan ba. Na yarda, baki ɗaya muke. Tsatsa ce, ɗan nan. Durona shuɗi yana ƙofar kicin ɗinka, matarka na jiƙa wanki a ciki. Ƙasar kabarin ƙaninka ba ta bushe ba ka ɗora shi a mota, ka bar min ruɓaɓɓen ƙarfe. Ka turo motar gobe kamar yadda ka ce, amma da duron a ciki, direba ya sauke a ƙofa, kai ka tsaya a waje. In kuma motar taka ba ta iya komawa wayam, to a fara da tabarmata, don inda yarinyar nan ta kwana nan zan kwana."