Ɗan ƙarfen ɗakin hoto

Shekara talatin da ɗaya ina ɗaukar hoton ƙirji a ɗaki ɗaya marar taga, amma ban taɓa ganin likita mai naci irin yarinyar nan ba. Da safe tana sama wurin marasa lafiya, da rana ta sauko wurina da kwamfuta a hammata, wai tana koya wa na'ura gane tarin fuka a hoto. Ƙirƙirarriyar basira suke ce wa abin. Ni dai nawa ido da miƙa mata kujera.

Shugaban asibiti ya gaji da hawa da saukarta. Ya ce taura biyu ba ta taunuwa. Ranar Laraba za ta tsaya gaban kwamiti. In aikinta ya gamsar da su, za a ba ta kujerar likita mai bincike, rabin mako jinya rabi bincike. In bai gamsar ba, ta rufe kwamfutar nan ta koma sama gaba ɗaya.

Ban damu ba, domin na'urar tana cankar hoto casa'in da bakwai cikin ɗari. Wa zai ja da wannan?

Ranar Litinin sai ga ta ta shigo ko gaisuwa babu.

"Baba, me ya sa ƙarfen nan yake saukowa ƙasa a wasu hotunan?"

Akwai ɗan ƙarfe da muke maƙalawa a kusurwar hoto don a bambance dama da hagu. Ni kuma ina da wata ɗabi'a. In mutum ya shigo na ji tarinsa bai yi mini ba, na ga kafaɗunsa sun zube, sai in sauko da ƙarfen ƙasa kaɗan, ko Allah zai sa likita ya ƙara dubawa. Ba wanda ya sa ni, ba kuma likitan da ya taɓa lura. Na faɗa mata duk wannan.

"To na'urar ta lura," in ji ta. "Ba huhu take kallo ba, Baba. Hannunka take kallo."

Kunya ta kama ni, har na ce abin da bai kamata ba. Na ce, "Likita, ki yi shiru mana zuwa Laraba. Wa zai sani?"

Ta yi mini wani kallo. "In aka kai na'urar ƙaramin asibitin da babu kai fa? Kowa ya zo za ta ce masa lafiyarsa ƙalau, ya koma gida yana yi wa 'ya'yansa tari."

Ta goge ƙarfen daga hotuna dubu shida, ta sake koya wa na'urar daga farko. Sakamako ya faɗo saba'in da tara. Wallahi ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Ranar Laraba ta ja ni har ɗakin taron, ta zaunar da ni a baya. Ta fara haska musu casa'in da bakwai a bango, suka ɗauki tafi. Ta bari suka gama, sannan ta ce, "Ku mayar da tafinku, wannan ba gaskiya ba ne." Ta nuna ƙarfen, ta nuna saba'in da tara. Shugaba ya fara tattara takardunsa.

Wata tsohuwar farfesa ta cire tabarau.

"Yaya aka yi kika gano?"

"Wani direba ne a gado na huɗu, ranki ya daɗe. Na saurari ƙirjinsa na ji cutar da kunnena, na'ura kuma ta ce ba shi da komai. Da na bincika, ashe Baba yana hutu ranar da aka ɗauki hotonsa."

"Da injiniya ce ke kawai, za ki ji ƙirjin nan?"

"A'a."

"Da likita ce kawai, za ki san inda za ki tono a cikin na'urar?"

"A'a."

Farfesa ta juya wurin shugaba. "To kai kuma wanne kake so ta ajiye?"

Shugaba ya ajiye takardun. Aka ɗaga hannu, bakwai cikin bakwai, har da nasa a ƙarshe.

Ni da na zo kallo, sai ga ni ina share hawaye da hannun riga a gaban manya. Daɗi ya cika ni kamar 'yar cikina aka ba kujerar.

A bakin ƙofa ta tare ni. "Baba, a ajiye kukan nan. Na duba, cikin mutum goma da ka sauko wa da ƙarfe, tara suna da cutar. Gobe ƙarfe biyu za ka zauna ka faɗa mini abin da kake gani, kuma sunanka na biyu a takardar binciken."

Na ce, "Ni da ko jami'a ban shiga ba?"

Ta ce, "Ka zo da biro, akwai wurin sa hannu."