Matar da Ke Amsa Layin Basit

Humu mai koko, ta unguwar Nyanshegu a Ghana, ba ta yi boko ba, amma kunnenta ya san waya. Ɗanta Basit, direban lorin albasa mai zuwa Burkina, shi ya koya mata.

"Mma, layi ma baƙo ne," in ji shi. "In na tsallaka iyaka a Paga sai ya sauka a kamfanin can, su kuma su aika wa na gida cewa ga ɗanku a wurinmu. Shi ya sa kike jin ƙarar ta canza."

Haka kuwa yake. In ta kira shi yana can, ƙarar doguwa ce siririya. In wayar a kashe take, wata mata ce ke amsawa da Faransanci.

Wata uku ke nan da aka tsinci lorin a gefen hanya, babu direba. Dangi suka ce a yi sadaka a haƙura. Humu ta ƙi. Kullum in ta sauke tukunya sai ta kira, matar nan ta yi Faransancinta, ita kuwa ta ce a ranta, layin dai yana can, to mai shi ma yana can.

Ran wata Laraba da hantsi, tana zuba wa maƙwabciyarta Lamisi koko, ta kira kamar kullum. Sai wayar ta shiga. Ludayi ya faɗi daga hannunta.

"Mma?" Murya a dashe. "Ni ne. Ina asibiti a Wagadugu, sun riƙe ni sai an biya. Ki turo kuɗin ta waya, ta momo, yanzu-yanzu."

Lamisi ta rangaɗa guɗa, ta hau kwance bakin zane. Humu ta riƙe mata hannu. Ƙarar da ta ji kafin a ɗauka gajeriya ce, irin ta gida. Wanda ke magana bai ko fita Ghana ba. Wani ne ya je ya yi ƙarya aka ba shi sabon sim da lambar ɗanta.

Ta sani sarai. Duk da haka ta manna wayar a kunne.

"Ban ji ba, ɗana. Sake kira na."

"Mma."

Ta rufe ido ta saurara har ya ƙare.

"Yaro," ta ce a hankali, "ba kai ba ne. Ba zan tsine maka ba. Don Allah ka mayar da layin inda ka same shi."

Ya kashe.

Da la'asar ta sake kira. Wata mata ce dabam, da Turanci. Ta miƙa wa Lamisi.

"Me take cewa?"

Lamisi ta kara wayar a kunne, ta ce, "Wai a kashe take, yaya."

"Waccan fa? Mai Faransancin?"

Lamisi ta girgiza kai; layin ya dawo gida, babu mai shi. Humu ta kifa wayar a kan tire, ta ce gobe a sayo gero da yawa, za a yi sadakar.