Akuya Ta Ci Lamba Arba'in da Bakwai

Raliya ba ta da abin danne ganye irin na iniversite, mai katako biyu da maɗauri. Abin da take da shi kakarta ce. Kaka Mairamu mace ce mai jiki, kuma tun da gwiwa ta fara damunta ba ta barin katifarta sai don alwala, ko in ta ji ana rigima a maƙwabta. Don haka duk tsiron da Raliya ta tumɓuko daga kwaruruwan da ke tsakanin tuddan rairayi, sai ta shimfiɗa shi a takardar siminti, ta haɗa da ’yar takarda mai lamba da suna da wurin da aka samo shi, ta sa tsakanin kwali biyu. In tsohuwa ta fita alwala, ta cusa ƙarƙashin katifa. Wata biyu Kaka tana yi wa ilimi aiki ba ta sani ba.

Tsiro sittin da uku ta tara don memuwar ɗinta, wato littafin kammala karatu, a kan ciyayin ƙasar Gure. Sittin da biyu ta san su, suna da dangi. Saura lamba arba'in da bakwai, wata ’yar ciyawa mai rarrafe, mai farin fure ƙanƙane da gashi a bayan ganye. Guda ɗaya tak ta samu, can gaba da Bune, bayan ta yini a bayan moton Kawu Aisami, wato babur ɗinsa. Da ta aika hotonta ga malaminta Dakta Idrissa a Damagaram, mutumin da amsarsa ba ta wuce "na gani", sai ga shi ya kira da kansa. Ya ce hoto ba ya isa. Ta zo da ita ran Litinin, da furenta da ’ya’yanta, domin in abin da yake zato ne, ba a taɓa rubuta ta daga wannan yanki ba. In kuwa babu ita, memuwar ɗin jerin sunaye ne kawai irin na kowa.

Ran Alhamis da hantsi Raliya ta je kanti neman gam ɗin liƙa ganyen. Da ta dawo ta tarar da kakarta a tsakar gida kan tabarma, ƙafafu a miƙe, ga aikin wata biyu a zube gabanta kashi-kashi kamar mai talla. Ashe goronta ne ya gangara bayan katifa, ta ɗaga tana nema.

"Ke ƙawata, zo nan," in ji Kaka. "Wata nawa kika sa ni ina zama kan rubutu?"

Raliya ta ce, murya can ƙasa, ai Latinanci ne, sunayen ciyawa ne kawai, babu sunan Allah a ciki.

"Rubutu rubutu ne. Shekara saba'in ban taka takarda ba, sai yanzu da tsufana za ki sa in danne ta da abin zamana?"

Ta nuna saman katanga. Can ta ɗora ’yan takardun duka, a cikin gwangwanin madara, ta rufe da murfi don girmamawa. Ganyen kuwa ta ce ta ga an cakuɗa su kamar kayan mahaukaciya, shi ya sa ta gyara: ga na miya, ga na magani, ga na dabbobi.

Raliya ta durƙusa. Da sauƙi, ta faɗa wa ranta, akwai hotunan a salula, kowane da lambarsa, yini ɗaya zai isa a mayar. Ta fara tsinta tana ƙoƙarin bayani. Ta ce su a makaranta ba da amfani suke raba tsiro ba, da dangantaka suke yi, kuma fure da ’ya’ya ke nuna ta, ba ɗanɗano ba. Rama da yakuwa da kuɓewa da lalo gida ɗaya ne, har da kuka.

Kaka ta ce wannan kuma ba sai an je Damagaram ba, ai a tukunya ma tare suke.

Raliya ta ce har da auduga.

"To ki kaɗa mana miyar auduga gobe."

Sai Raliya ta ɗauko tafasa daga kashin miya, ta ɗauko filasko daga na magani, ta ajiye su wuri ɗaya, ta ce waɗannan kusancinsu ya fi na kowa, sunansu na farko ma ɗaya ne. Kaka ta yi dariya har tana riƙe gwiwa. Ta ce in ’yan uwa ne, a kwaɗanta wa malamin nata filasko da ƙuli-ƙuli, sa'an nan a ga ko zai kai aji ko a hanya zai tsaya. Ta ƙara da cewa ita ma dai tana da ’yan uwa irin haka, uwa ɗaya uba ɗaya, wani a ci da shi, wani ya ɓata ciki.

Raliya ba ta yi dariya ba, don ta ƙirga sau biyu, sittin da biyu take samu. Ta kwatanta wa Kaka ’yar ciyawar.

Tsohuwa ta gane nan take. Ta ce ita kaɗai ce ta ƙi shiga ko'ina. Ba ta miya ba, ba ta magani ba, ko kiwo ba a yanko ta. Shi ne ta jefar da ita bakin turke.

A bakin turke jar akuyar gidan tana kwance tana tuƙa, ido rabi a rufe. Gefenta ɗan guntun takardar siminti ne jiƙe da yawu. Raliya ta tsaya a kanta. Ta san matsayin wannan halitta tun daga sama har ƙasa: dabba ce, mai ƙashin baya, mai shayarwa, mai rababben kofato, mai tuƙa. Ba ta taɓa jin sha'awar sauya mata wuri ba sai yau, da ta so ƙwarai ta mayar da ita kashin miya.

Ta kira Kawu Aisami. Ya ce moto lafiya lau, amma sati uku rabon wurin da ruwa, kuma garken shanu ya bi ta nan, ko ƙarangiya sai an duba. In tana so su je su sha rana, shi ba ya ƙi.

Raliya ba ta iya rigima ba, balle da kaka. Ta koma ta zauna bakin tabarma, ta buɗe hoton a salula, tana tunanin yadda za ta haɗa jimlar da za ta faɗa wa Dakta Idrissa. Kowace ta gwada, da akuya take ƙarewa.

Kaka ta gaji da kallonta. Ta karɓi salular, ta nisanta ta da ido, ta matso da ita.

"Wai don Allah wannan ce kike wa zaman makoki? Ta bayan makewayi?"

Raliya ta ɗago.

"Da ta bushe ne ban gane ta ba. Kowace shekara sai na sa an tuge ta, ta dawo. Har Bune kika je nemanta? Kawunki ya ƙona mai a banza."

Ta dafa bango ta tashi, ta ja ƙafa, Raliya na biye. A bayan makewayi, inda ruwan wanka ke bi ya tsaya a gindin katanga, wurin da Raliya take wucewa kullum tana toshe hanci ba ta taɓa duban ƙasa ba, ga ta nan ta yi shimfiɗa ɗanya shar. Ta tsuguna da ɗan gilashinta mai ƙara girman abu. Ta ƙirga ɓangarorin furen, ta juya ganye ta ga gashin, ta fasa ’ya’ya guda ta gwada da hoto. Sau uku ta sake, don ba ta yarda da sa'a ba. Ita ce. Ta tumɓuko biyar da saiwarsu.

Wajen rubuta sabuwar takarda ne bik ɗinta, wato biro, ya tsaya. A layin wurin da aka samo, a takardar farko "kwari, gaba da Bune" ta rubuta, abin da ke da daɗin karantawa gaban malamai ranar kare memuwar. Ba wanda zai sani in ta maimaita. Amma Dakta Idrissa ya sha faɗa musu cewa tsiron da aka yi wa ƙaryar gari ya fi wanda ba a samo ba ɓarna, don bayan shekara hamsin wani zai ɗauki jaka ya tafi nema inda aka ce. Ta hango kanta tsaye gaban manyan mutane uku masu tabarau, ana karanta layin da ƙarfi. Duk da haka ta rubuta: Gure, cikin gari, bayan makewayi, inda ruwan wanka ke kwanciya. A ƙasa ta ƙara cewa ta fara ganinta gaba da Bune, amma akuya ta ci shaidar.

Kaka ta tambayi abin da ake sawa a layin ƙarshe. Raliya ta ce sunan wanda ya samo.

"To sa Mairamu. Ki gyara rubutun, kada a ce wata Mairamun ce."

Ta sa. Kaka ta karɓi takardar da hannu biyu, ta jefa cikin gwangwani, ta ce a mayar saman katanga. Raliya ta jera ciyawar biyar tsakanin kwali, ta ɗaga katifa ta cusa, wannan karon a gaban mai katifar.

"Kaka, kwana huɗu ya rage, kuma ɗanyu ne. Sai kin zauna sosai."

Tsohuwa ta hau, ta gyara zama, ta ɗan girgiza don ta danne da kyau. Ta ce in an fara rigima a maƙwabta, Raliya ta je ta jiyo mata.